Safar Bosun

Ran da Glenys Tuckwell ta fara sa ni aikin ɓuya, ran nan ta kusa sallamata. Aikin ba wuya: ka shiga daji, ka kwanta, ka yi shiru har karen da ake koya wa neman ɓatattu ya biyo ƙanshinka ya same ka. Na samu gindin wani katon itace mai laushin ganye na miƙe. Ashe barci ya ɗauke ni. Karen bai ko sa hanci a ƙasa ba, minsharina ya bi tun daga bakin hanya.

"Merv," in ji Glenys, tana tsaye a kaina riƙe da ƙugu, "hancinsa nake horarwa, ba kunnensa ba."

Glenys ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu, a kudancin tsibirin Tasmaniya, shi ya sa har yau in ta ce zauna, kare da mutum duk zama suke yi. Bosun kuwa, karen nata, don kiwon tumaki aka haife shi, sai ya ƙi. A sake shi bayan garke, sai a tsince shi ƙofar kanti ya biyo sawun mai raba wasiƙu. Mai shi ya ce ba shi da amfani. Glenys ta ce a ba ta.

Duk Asabar tana daji, ruwa ko rana, ba wanda ya ɗauke ta aiki. Ta ɗaura masa ɗamarar aiki, ta saki doguwar igiya, ta sunsuna masa hula ko rigar filo ta wanda ake nema. A aljihunta kullum akwai wata tsohuwar safa da ta ƙulle ƙwallo a ciki. Bosun ba ya ganin safar nan sai ya samo mutum, kuma a take a wurin. Saboda safar nan yake duk wannan wahalar.

Wata safiya cikin hunturu, wanda a wurinmu lokacin sanyi da ruwa ne, Narelle Dransfield ta bugo waya tana kuka. Mahaifinta, Baba Col, wanda mantuwar tsufa ta kama, ya fice da silifa zai duba shanun da aka sayar tun tuni. Hadari ya haɗo daga yamma. In ruwan nan ya sauka zai wanke sawun, kuma tsoho da rigar barci ba zai jure sanyin ba.

Mun tarar maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ɗauko rigar Baba Col za ta miƙa.

"Ajiye, 'yar uwa," in ji Glenys. "Kin taɓa ta, yanzu ke zai nema. Narelle, wa ya taɓa filonsa yau?"

"Ba kowa, Anti."

"Madalla. Merv, ɗauki jakar magani, ka bi bayana, ka rufe bakinka."

"Duka ukun lokaci guda?"

Ba ta ko kalle ni ba. Bosun ya sunsuni rigar filon, ya zaga tsakar gida, ya ratsa gonar tuffa, ya kutsa ta ƙarƙashin shinge. Muka bi shi cikin ciyayi masu kai wa ƙirji, matsattsaku na hawa mana ƙafa. A bakin rafi ya rasa sawun, ya dinga kai da komo. Yayyafi ya fara. Glenys kuwa ta sassauta igiya ta tsaya kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Can sai kare ya ɗaga wutsiya, ya tsallaka ta kan wani gungume, ya ja ta sama.

A bayan wani faɗaɗɗen itace muka sami Baba Col, ya takure, silifa ɗaya a ƙafa, leɓensa ya yi shuɗi. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ka bar ƙofar shanun a buɗe?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

Na lulluɓe shi da bargo. Narelle da masu ɗaukar marasa lafiya suka iso, ta faɗa jikinsa tana kuka, ni ma har wani abu ya shigar mini ido. Ina juyawa sai ga Glenys a durƙushe cikin taɓo, ta ba mu baya, tana ja-in-ja da Bosun a kan safa, tana ihu da siririyar murya: "Wane ne gwani? Wane ne jarumina?" Mace mai jikoki!

Wallahi ban taɓa alfahari da wani ɗan garinmu kamar yadda na yi da ita a lokacin ba. Amma bakina ba ya hutu.

"Haba Glenys," na ce, "mutane na kuka, ke kina wasa da safa? Ko sannu ba ki yi wa tsohon ba."

Ta fizge safar, ta jefa, kare ya bi a guje.

"Masu yi wa Col sannu sun ishe shi. Wannan kuwa in ban ba shi ladansa yanzu ba, gobe ba zai nemi kowa ba. Kuma yadda nake ganin kan nan naka, Merv, kai ne na gaba da zai nema."