Shanun Siminti na Yamai

Mun tashi da asuba daga Tajaye, ni da kawuna, a bayan kamiyo, babbar motar dakon albasa. Fari ya cinye garkensa, saura 'yan shanu da ba su iya tashi sai an ɗaga su. Wani ɗan cirani ya rantse ya hango shanu masu ƙiba cikin ɗanyar ciyawa a tsakiyar Yamai. Makiyayi ba ya kora dabba sai ya taka wurin kiwon da ƙafarsa, shi ya sa kawu ya fito. Ni tafinta ne, da Zabarmancina na sayen goro.

Daga Konni har Dogonduci mushe ne dama da hagu, ungulaye ma sun ƙoshi sun bar shi. A Doso munka sha fura, ruwa zalla, kuɗinta kuwa na ƙwarya guda a da.

Yamai gari ne mai son mutum-mutumi. Munka ga raƙumin dawa na ƙarfe, da wata mata ta dutse riƙe da taɓarya. Kawu ya leƙa turminta ya ce, "Ita ma babu hatsi." Na yi dariya, shi bai yi ba. Duk wanda na tambaya inda shanu ke kiwo, sai ya nuna mana gaba.

A wata mararraba munka same su: bijimi da saniya da maraƙi, tozo kamar tulu, ciyawa kore shar. Tun daga nesa kawu ya fara yi musu kiran garke. Ba wadda ta kaɗa kunne. Da munka matso, ashe siminti ne da fenti. Mai gadi na bai wa ciyawar ruwa da tiyo, ragowar na malala kan kwalta. Kawu ya daɗe yana shafa wuyan saniyar, har mai gadi ya ji nauyin korarsa. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum haka ba.

Da munka dawo gida, mun tarar an ɗaure kaya kan jakai, ana jiran mu nuna hanya. Matar kawu ta ce, "Kun gan su?"

Ya ce, "Mun gan su. Ku sauke kaya, a kira mini mahauta."

Abin da na koyo a tafiyar nan, birni na girmama saniya, amma wadda ba ta jin yunwa.