Asama'u Mai Firji da Warin Ɗakin Iya

A Ƙofar Kuyambana, in ka ce Asama'u kawai, sai a tambaye ka wacce, don su huɗu ne a layin. In ka ƙara da Mai Firji, to an gane. Mijinta Malam Aƙilu ne mai shagon gyaran, amma a birnin Zariya baligi ba ya wuce zaure, firji kuwa yana can ƙuryar ɗakin mata. Kafin a kinkimo shi ta soraye biyu ko uku an lanƙwasa masa bututu, an ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Asama'u mace ce mai tambaya. Tun tana amarya take tsugunawa gefen maigidan in ya kawo aiki gida. Wannan na mene ne? Me ya sa bayansa zafi, cikinsa sanyi? Rannan ya gaji da amsa, ya miƙa mata sukundireba, ya ce ta shiga gidan maƙwabta ta gano masa ciwon firjinsu da idonta.

Tun daga ranar ta zama ita ce mai shiga. Kayan aikinta a fanteka suke, rufe da faifai kamar mai kai tuwon suna: sifana uku, filaya, buroshi da lagwani. A shekarar 1988 firji talatin da bakwai ke hannunta, daga unguwarsu har Ƙofar Gayan, goma sha ɗaya na kananzir. Ta share musu ƙurar baya, ta janye su daga bango su sha iska, ta yi faɗa da masu sayar da zoɓo da ke sassaƙar ƙanƙara da wuƙa.

Cikin daminar shekarar aka aiko mata daga gidan Iya, wata tsohuwa mai takaba, wai firjinta na kananzir ya daina sanyi. Maijidda, matar ɗan Iya, ta tare ta a tsakar gida, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Asama'u, in kin shiga kin ji wani abu, don Allah kada ki nuna a fuska."

"Wane irin abu?"

"Tsufa ne. Tun rasuwar Malam, mijinta, ɗakin ke zarni. Turaren wuta muke ta sa mata, mu rufe taga don ya kama. Ga tari kuma ya sa ta gaba, ba ta barci."

Asama'u ta yi sallama ta ɗaga labule, nan take idanunta suka kawo ruwa. Yara shida ta raina, ta san zarni. Wannan ya fi shi kaifi, yankar hanci yake. Ta durƙusa ta yi wa Iya gaisuwar rashi, sannan ta bi warin da hanci. Bai nufi gado ba. Bayan firjin ya kai ta, inda wani gari ruwan ɗorawa ya taru a jikin bututu. Maigidan ya taɓa faɗa mata: gas ɗin irin wannan firjin haka yake wari, kuma ƙirji yake ci. Ta hure lagwanin, ta bankaɗe taga, ta miƙa kaskon turare waje.

"Iya, firjinki ne ke fitsari."

Tsohuwa ta dube ta.

"Ke 'yar nan, sake faɗa da ƙarfi, na waje su ji. Ni ina zargin magen gidan, su suna zargina, kowa ya yi gum."

Maijidda ta rufe fuska da mayafi. Aka shimfiɗa wa Iya tabarma a gindin dalbejiya, sai aka dawo kan firjin. Asama'u ta cire ɗankwali ta auna faɗinsa, ta auna ƙofar. Firjin ya fi ta da yatsa huɗu.

"A kawo zarto mu rage ƙarafan bayan," in ji Maijidda.

"Ki yanka, duk abin da ke ciki ya fito miki a fuska gaba ɗaya. Cikakkensa zai fita, a tsaye." Asama'u ta sake aunawa, abin ya ɗaure mata kai. Ta leƙo tsakar gida. "Iya, wai ta ina ya shiga?"

"Ai bai shiga ba. Ana ginin ɗakin Malam ya sayo shi. Aka ajiye shi nan, aka kewaye shi da tubali, aka ɗora azara."

Asama'u ta shafa bangon. Ginin ƙasa ne, ruwa da fartanya za su ci shi. Amma ɗakin da mamaci ya gina ba a taɓa shi sai da izini, don haka ta durƙusa ta tambaya. Iya ta daɗe tana jan carbi, tari na katse ta.

"Ku sare. Shi ya gina, Allah ya ji ƙansa, amma ni ke numfashi a ciki."

Matan gidan suka ɗaura jiƙaƙƙun tsummoki a hanci. Suka cire katakon ƙofa, suka jiƙa gefen bangon, suka kankare shi kaɗan kaɗan, Asama'u na gwadawa da ɗankwalinta. Su huɗu suka ja firjin a kan tsohuwar tabarma har zaure. Can Malam Aƙilu ya karɓa, ya ɗora a kura, ya kai shi fili bayan ganuwa, nesa da gidaje, ya bar gas ɗin ya tsiyaye. Bai ba maƙera gangar jikin ba sai da ya kwance murfin, kada yara masu ɓuya su shiga ya rufe da su.

Da Asama'u ta koma dubiya, ta tarar da Iya a ɗakinta, tarin ya lafa, ƙofar na nan wangale da gefenta a kankare.

"Iya, magini bai zo ba?"

"Ya zo, na ce ya koma. Iska ta fi shiga haka."