Ranar da Hannun Baba Ya Mutu a Azare

Ana sallame sallar asuba muka bar Gamawa, ni da Baba da Gwaggo, ƙanwarsa. Wata biyu ke nan da bijimin noma ya fizgi igiya a hannun Baba ya yaga masa jijiyar kafaɗar dama. Masu ɗori sun yi iya yinsu, ƙarshe likita ya ce sai aiki. Damina ga ta tafe, kuma da wannan hannun yake riƙe garma.

Direba ya cusa mu huɗu a baya, har da wani fasinja. Duk ramin da mota ta faɗa sai Baba ya cije leɓe. Gwaggo na rungume da filas ɗinta kamar jariri. A tashar Azare na sayi ƙosai, na tarar ya ƙanƙance amma kuɗinsa ya girma. Baba bai ci ba, an hana shi komai tun jiya.

A asibiti, kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, likitan da ke sa barci ya yi mana bayani. Zai yi masa allura a gefen wuya, ta kashe jijiyoyin kafaɗa don kada ya farka cikin azaba. Hannun zai mutu murus kamar kwana guda, sannan ya dawo. Gwaggo ba ta ji wannan ba, ta tafi neman ruwan zafi. Ni kuwa tsoro ya sa na manta ban gaya mata ba.

Bayan azahar aka fito da shi. Hannu na rataye a majanyi, fatar idonsa na dama ta ɗan sauka, murya ta dishe. An ce duk aikin allurar ne, amma wallahi zuciyata ba ta yarda ba. Haka shanyewar ɓarin jiki ta fara wa kakanmu.

Da la'asar na fita sayo fura. Ina dawowa na hango tururi a bakin gado. Gwaggo ta tsoma tawul a tafasasshen ruwa tana gasa masa dantse, yadda ake yi wa duk wani targaɗe a gidanmu.

"Gwaggo, tsaya! Ba ya jin zafi, ƙona shi za ki yi."

"To ai shi ya sa, 'yar nan. Jini ne ya daskare. Yaya, ka ji ɗumi?"

"Ban ji komai ba," in ji Baba.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, fatar har ta tashi a wuri ɗaya. Ta sa magani, ta yi mana faɗa, ni na fi shan rabona. Gwaggo ta koma gefe tana hawaye.

Washegari da hantsi ina zaune ina kallon yatsun nan, sai na ga babban ya motsa. Can Baba ya yamutsa fuska ya yi nishi.

"Kafaɗar nan kamar ana sara ta. Kuma wa ya ƙona ni?"

Gwaggo ta ce alhamdulillahi sau uku kafin ta amsa laifinta. Na ruga na kira a ba shi maganin ciwo.

Bayan kwana uku muka dawo Gamawa, Baba a gidan gaba shi kaɗai. Na koyi cewa bayanin likita ba na mutum ɗaya ba ne, duk mai jinya sai ya ji shi. Kuma tunda nake ban taɓa murna da jin mahaifina yana nishin ciwo ba sai a Azare.