Ƙwaya Ɗaya, Ƙofa Biyu

'Yar'uwa, matso kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Ni dai matar cikin gida ce a Dukawuya, karatuna bai wuce allo da ɗan firamare ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Bayan aurena na daɗe shiru ba ciki. Al'ada ta ɗauke, ga nono yana tsatsafo da ruwa har ya jiƙa min riga, ni da ban taɓa goyo ba. Da aka auna jinina a asibiti, likita ta ce sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ya yi yawa, daga cikin kai yake fitowa, shi ya tare haihuwar. Ta rubuta min wata 'yar ƙwaya da ba ta kai wake ba.

Ina haɗiye ta sai jiri, sai amai, ko ƙamshin daddawa ba na so. Da na koma ina kuka, sai ta ce in daina sha, in riƙa matsa ta ta ƙasa. Kunya ta rufe ni. Mu a saninmu matsi ai kayan mata ne. Na ce a raina Hajiyar nan ta raina ni, ciwon da ke kai me ya haɗa shi da matsi? Na jefa ƙwayar a kwalla, watanni suka tafi a banza.

Yayata ce ta ja ni muka koma, tana min tsiya wai mai kunyar likita sai goyon filo. Da na faɗi dalilina, likitar ta yi dariya, ta tambaye ni ko ta Ƙofar Dawanau kaɗai ake shiga birni. Ta ce wadda aka haɗiya sai ta tayar da ciki, hanta kuma ta rage ta kafin ta kai jini. Ta ƙasa kuwa a hankali take narkewa ta ratsa jini, ta daɗe tana aiki, shi kuwa jini har kai yake zuwa. Na saki baki. Ashe haka Allah Ya buɗe ƙofofi a jikin ɗan Adam, muna yawo da su ba mu sani ba!

Na bi maganarta. Amai bai dawo ba, riga ta bushe, kuma ban taɓa ganin wadda ta yi murnar fashin salla irina ba. Yau nonon nan yana zuba, amma akwai mai sha, ga ta a cinyata.

Kada dai wata ta ji wannan ta canza wa maganinta hanya da kanta, aikin likita ne. Abin da ya kusa hana ni ɗiyar nan tambaya ce guda da na haɗiye. Ke fa, wace tambaya kika baro a bakin ƙofar likita?