Ranar da Na Yi wa Inabi Aski

Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. A unguwar Naseem aka yi wannan, shekarun da na zauna wurin ɗana a Riyad, shi yana aikin gine-gine, ni ina rainon jikoki.

A wurin aikinsu akwai wani tsohon Bature ɗan Italiya mai shimfiɗa tayil. Da lokacin komawarsa gida ya yi, sai ga shi a ƙofarmu da itacen inabi a cikin rabin duro. Ɗana ya yi mana tafinta. Tsohon ya ce kakansa talakan manomi ne. Da yunwa ta kore su daga ƙauyensu, sai ya yanko rassa ya soke su cikin dankali don kada su bushe, ya hau jirgin ruwa da su zuwa wata ƙasa, ya kafa 'yar gona shi da iyalinsa. Na cikin duron nan jikan waɗancan rassan ne, kuma jirgin sama ba zai ɗauke shi ba.

Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, ba dai na giya ba ne?"

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mama, a Riyad? Na ci ne!"

Na ce, "To na karɓi amana. In Allah Ya bar ni da rai, sai ya haihu a hannuna."

Muka dasa shi a tsakar gida. Ruwan da ke ɗiga daga esi, na'urar sanyaya ɗaki, nake tarawa in ba shi. Ya miƙe, ya kama bango, ya hau rumfa, ya yi mana inuwa a garin da rana ke dafa ƙwai. Ganye kam har maƙwabciyarmu 'yar Siriya na zuwa tsinka tana naɗe shinkafa. Amma ɗa ko ɗaya babu. Shekara ta juyo, babu.

Surukata ta ce, "Inna, anya wannan ɗan naki ba juya ba ne?"

Na ce, "Ke ma ai mun jira ki."

Na ba ta amsa, amma abin yana cina. Mu a wurinmu, itacen da ya ba ka inuwa ba ka ɗaga masa gatari. Ko reshe jikokina suka karya sai sun ji bakina.

Da sanyi ya shigo, ganye ya zube, ɗana ya kira tsohon ta wayar da ake ganin juna, ya haska masa itacen. Sai tsohon ya dafe kai. "Mama, kin mai da shi ɗan gata! Inabi ba ya haihuwa sai an yi masa aski. Kowane reshe ki bar masa ido biyu, sauran ki zubar. Yalla, maza!"

Ɗana ya ɗauko almakashi, na ce ba ni, a hannuna aka bar shi. Na yi bisimilla na fara yanka, tsohon yana ta cewa ƙara, ƙara, har rumfata ta koma tsirara. Da iska ta fara ɗumi sai ga ruwa yana ɗiga daga bakin yankan. Na ce shi ke nan, na sa marayan mutane kuka. Na yayyaga tsumma na ɗaɗɗaure masa. Tsohon ya aiko cewa in kwance, kukan lafiya ne.

Sai ga toho. Bayan toho sai ga wasu 'yan curi kamar tsakin gero. Na daina zuwa ko'ina. Tsuntsaye suka gano mu, na yanka tsohon gyalena na ɗinka wa kowane nonon inabi jakarsa.

Tsohon ya ce a gidansu mutum ɗaya ba ya tsinkar inabi, dangi ake tarawa a ci abinci a ƙarƙashinsa. Na ce wannan kam ba sai an koya mana ba. Na tuƙa tuwon shinkafa, 'yar Siriya ta kawo nata, abokan ɗana direbobi suka zo daga unguwar Jaradiya. Na tsinki na farko, aka haska wa tsohon ta waya, matarsa na leƙowa ta bayansa.

Ya ce, "Mama, da zaƙi?"

Na tauna, na ce gaskiya da ɗan tsami a ƙarshe.

Ya buga tebur, ya ce, "Shi ne! Haka namu yake!" Ya cire gilashinsa yana share ido.

Ranar na ci inabi har haƙorana suka mutu, tuwon ma kasa ci na yi.