Guguwar da Rediyo Bai Faɗa Ba

Har yau ba na iya sauraren labaran da aka buɗe da tafiyar wani minista. Kashe rediyon nake yi, raina a ɓace.

Lokacin da nake karatu a Guangzhou, ɗakinmu ɗaya da wani ɗalibi daga wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik. Ni Bakano ne, rediyona kullum manne da kunne, shi kuwa dariya yake mini. Ya ce a ƙasarsu gidan rediyo ɗaya ne, jarida ɗaya, duka na gwamnati, aikinsu faɗin inda manya suka je da wanda ya tarbe su.

Wata rana ya dawo daga shagon intanet da mummunan labari. Wani ɗan'uwansa da ke ƙasar waje ya sanar da shi guguwa ta bi ta tsibirinsu. Mahaifiyarsa na ƙauye a bakin teku, ita kaɗai, waya kuma ba ta shiga. Muka buɗe shafin jaridarsu, sai ga minista yana buɗe sabon ofis, baki har kunne.

Na murɗa tashoshi har yatsana ya gaji, babu wadda ta ambaci tsibirin. Sai na ja shi kasuwar Canaan, wurin 'yan kasuwar Kano, waɗanda ko shawara suke yi rediyo na gefe. Wani Alhaji ya saurare ni, ya ce, "Haba Malam, ce masa ya kwantar da hankalinsa. Da an yi asarar rai, da tuni mun ji. Rediyo ba ya ɓoye mutuwa."

Na fassara masa. Mu haka muka taso, abin da rediyo bai faɗa ba bai faru ba. Ranar ya ci abinci.

Bayan wasu makonni Alhajin ya kira ni daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu, inda yake loda kwantena. Ya ce akwai wani mutumin tsibirin nan cikin ma'aikatan wani jirgi. Muka garzaya. Mutumin na jin sunan ƙauyen da na gidansu, sai ya rungume abokina yana yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa, a zatonsa ya sani.

Shi ya gaya mana an hana rediyonsu karanta sunayen waɗanda suka mutu, wai kada 'yan yawon buɗe ido su tsorata. Kunya ba ta kama su ba, Allah wadai! Mutum ya mutu a gidansa, a binne shi, amma a rufe baki saboda baƙon da zai zo wanka a teku.

A mota muna komawa abokina ya tambaye ni yadda muke yi wa mamaci addu'a idan ba mu samu jana'izarsa ba.