Kwandon Sadakar Silawati

A ƙauyen nan na bakin tafki, can kudancin Sri Lanka, babu gidan da ba a ɗaure wani abu da igiyar Silawati ba. Tun tana yarinya take dukan ɓawon kwakwa tana murza zarensa, har tafin hannunta ya yi kanta. A tudu ba ta tsoron uban kowa, ta taɓa bin ɓarawon kwakwa da taɓarya har bakin titi. Amma ruwa, ko idon sawu ba ta yarda ya rufe mata ba. Sauran mata su shiga har ƙugu su tono ɓawon da suka jiƙa, ita sai dai ta tsaya a gaɓa ta jawo nata da ƙugiya. Mutane kuwa, da yake bakinsu ba ya hutu, suka mai da abin dariya, wai matar masunci mai gudun ruwa.

Dariyar ta tsaya ranar da kwalekwalen mijinta Jinadasa ya dawo gaɓa babu kowa ciki. Sai da ruwan ya ga dama ya maido gawar. Daga nan gulma ta sake salo: wanda ruwa ya ci yawo yake da yunwa, ba ya kwanciya sai an ciyar da malamin haikali an miƙa wa mamacin ladan. Matan da ba su kawo mata ko ƙwayar shinkafa ba lokacin zaman makoki, su ne a gaba wajen cusa mata wannan a kunne.

Wata uku ya cika, lokacin sadaka ya yi. Malamin da ya yi wa Jinadasa addu'a tsoho ne tukuf, shi kaɗai a ɗan haikalin Buddha da ke tsibirin tsakiyar tafki, kuma ƙafafunsa sun daina shiga jirgi. Ga shi malaman nan ba sa sa loma a baki da zarar rana ta take tsaka. In ta makara, tsoho ya kwana da yunwa, Jinadasa ya rasa rabonsa.

Ta dafa jar shinkafa, da miyar wake mai madarar kwakwa, da soyayyen kifi, ba ta ɗanɗana ko gishiri ba, don ba a taɓa abincin sadaka kafin malam. Ta sa fararen kaya ta sauko gaɓa, inda ƙanin mijinta Siripala yake jira da kwalekwale. Shi Akka yake ce mata, wato yaya, ita kuma Malli, wato ƙane.

"Akka, yau kifaye za su yi biki, an kawo musu baƙuwa!"

"Riƙe jirginka, Malli. Da bakinka yana tuƙi da tuni kana Indiya."

Ta shiga da rarrafe, ta zauna ta rungume kwandon, idonta a kan yatsun ƙafarta. Suka ratsa ta cikin itatuwan ruwa, inda saiwoyi suke tsaye kamar haƙarƙari, ruwan baƙi ƙirin. Suna fita fili iska ta buso mata ƙanshin kifin, sai ta tuna. Ƙusa! Ba a fita da soyayyen abu sai an jefa ƙarfe a ciki, don maiƙo yana jawo abubuwan da ba a ambatar sunansu. Yaron goye ma ya san wannan. Tsoron ruwa ya sa ta bar ƙusar a bakin murhu.

"Malli, ba ni wuƙarka."

"Tana gida. Me za ki yi da..." Ya kalli kwandon, ya kalle ta, murmushin ya bushe a fuskarsa. "Akka, ba ki sa ba?"

Nan take wani abu ya bugi cikin kwalekwalen daga ƙasa, dum, daidai inda take zaune. Babu dutse a wurin, babu kututture. Siripala ya tsai da tuƙi. Abin ya sake bugawa, sannan ya goga jikinsa a hankali daga gaba har baya, ruwa yana ninkewa a gefe.

"Jefa masa kifin! Jefa, don girman iyayenki!"

Har ta kai hannu ga murfin. Amma in ta buɗe ta ɗiba, sauran ya zama ragowa, ba a miƙa wa malam ragowa. Kuma abin da ya fi sanyaya mata jini shi ne tunanin cewa wataƙila Jinadasa ne, ya ji ƙanshin girkinta ya biyo. Ta ɗaga kwandon ta ɗora a ka, ta danne da hannu biyu, ta yi wa ruwan magana.

"In kai ne, ka yi haƙuri. Naka ne, amma ba a nan za ka ci ba. Kullum sai ka sa hannu a tukunya kafin a sauke!"

Siripala tuƙi kawai yake kamar wanda ake bi bashin rai. Yanzu a shagon shayi cewa yake guza ne ya bugi jirgin. Guza! To me ya sa ya isa tsibirin da zani a jiƙe, alhali ko ɗigon ruwa bai shiga jirgin ba?

Ta hau matakalan dutse. Tsohon yana zaune ƙarƙashin itacen ibada cikin mayafinsa ruwan goro. Ta zube ta kira shi da sunan girmamawa na malamai, ta ce, "Hamuduruwo, na makara?" Ya dubi inuwar ginshiƙi, saura ɗan siriri, ya miƙo ƙoƙonsa. Ta zuba masa da hannunta.

Da ya gama ci, aka aje mata buta da ɗan kofi a kan faranti, ta tsiyaya ruwan miƙa lada yana karatu. Ruwan ya riƙa kaucewa, rabi a kofi rabi a ƙasa, ta fashe da kuka tana cewa ta ɓata.

"Ci gaba da zubawa, 'yata," in ji tsohon. "Sai ya cika ya tumbatsa yake isa wurin mijinki."

Ta zuba har butar ta ƙare.